UNGUWA MAI DOKA: YADDA MASU GIDAJE A AMURKA SUKE RIƘE UNGUWANNINSU

Da wuya a yau a sami babbar ikkilisiya a Jos ko Kaduna ko Yola wadda babu iyali ko ɗaya a cikinta da yake da ɗa ko 'ya ko jika a ƙasar Amurka, a birane irin su Huston da Dalas da Atalanta. Idan suka aiko da hotuna, unguwar ce takan fara ɗaukar idon mai kallo tun kafin gidan. Titi a share, ciyawar ƙofar gida a aske daidai wa daida kamar an yi mata kwaskwarima da reza, babu bola, babu mushen mota a kan duwatsu, babu kwata mai wari. Sai ka ji wani yana cewa, "Ai Turawa ke nan, tsabta a jininsu take." To, maganar ba haka take ba, domin a Amurkar ma akwai unguwannin da ƙazantarsu za ta sa mutum ya toshe hanci. Abin da yake riƙe da yawancin unguwannin da muke gani a hotunan nan shi ne doka a rubuce, da kuɗin da kowane gida yake biya, da kuma hukuncin da yake jiran wanda ya ƙi. Mai aiwatar da su kuwa ita ce ƙungiyar masu gidaje, wadda a can suke taƙaita sunanta da haruffa uku, HOA.

Mun ga ya dace mu bayyana wa masu karatu yadda abin yake, saboda dalilai biyu. Na farko, 'ya'yanmu da suke sayen gidaje a can suna sa hannu a kan takardun da za su ɗaure su shekaru da yawa, wasu kuwa ba sa karantawa. Na biyu, irin waɗannan ƙungiyoyi sun riga sun shigo rukunonin gidaje na Abuja da sauran biranenmu, kuma 'yan'uwa da yawa suna cikinsu, wasu ma su ne shugabanni.

Yadda abin yake tafiya

Tun kafin a sayar da gida ko ɗaya, kamfanin da ya gina unguwar yakan rubuta dokokinta ya kai ofishin rajistar filaye na ƙaramar hukuma a ajiye. Daga ranar nan dokokin sun manne wa filin. Duk wanda ya sayi gida a wurin ya zama ɗan ƙungiya ke nan, ko yana so ko ba ya so, kuma ba shi da hanyar fita sai dai ya sayar da gidan. Wanda ya saya daga hannunsa shi ma ya gaji dokar, haka magada.

Masu gidaje su ne suke zaɓen kwamiti daga cikinsu, galibi ba a biyansu albashi. Kwamitin yana karɓar kuɗin wata ko na shekara, da shi ake gyaran tituna da fitilu da magudanan ruwa da filin wasan yara da kwamin iyo idan akwai. Ana kuma ware wani kaso a asusun ajiya domin manyan gyare-gyaren da ba sa zuwa kowace shekara, kamar sake shimfiɗa kwalta ko sake rufi. Dokokin kansu sukan shiga har cikin abubuwan da mu a nan za mu ɗauka mutum ne da gidansa: launin fentin bango, tsawon shinge, tsawon ciyawa, lokacin da za a fito da garwar shara da lokacin da za a mayar da ita ciki, inda za a ajiye mota, da ko an yarda a shanya wanki a waje. Mutum ba zai ƙara ɗaki ko ya sauya taga ba sai ya nemi izini a rubuce. Wanda ya karya doka ana aika masa takardar gargaɗi, a saurare shi, sannan a ci shi tara. Idan ya ƙi biyan kuɗin ƙungiya, ana ɗaura bashin a kan takardar gidan, kuma a jihohi da yawa ƙungiya tana da ikon sa a yi gwanjon gidan domin ta karɓi kuɗinta.

Abin ya daɗe. Garin Radburn a jihar Niyu Jasi, wanda aka kafa a 1929, yana cikin na farko-farko da aka tsara haka. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1947, aka fara gina Levittown kusa da birnin Niyu Yok, gidaje fiye da 17,000, akasari domin sojojin da suka dawo daga yaƙi. A can an hana kafa shinge, an hana shanya wanki a waje ranakun ƙarshen mako, an kuma wajabta aske ciyawa kowane mako a lokacin da take tsiro. Amma yaɗuwar gaske daga baya ta zo. A 1970 irin waɗannan ƙungiyoyi kamar 10,000 ne a duk ƙasar, mazaunansu kuwa miliyan 2 da 'yan kai. Zuwa 2020 sun haura 350,000, mutanen da suke ƙarƙashinsu sun wuce miliyan 70. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙananan hukumomi sun gano cewa abin yana rage masu nauyi: za su ci gaba da karɓar harajin gidaje, amma gyaran titi da kwata na cikin unguwa ya koma wuyan mazauna. Wannan kam ba baƙon abu ba ne a kunnen mutumin Nijeriya da ya taɓa ba da gudunmawar sayen taransifoma.

Abin da sakaci ya haifar a Surfside

Wanda yake ganin biyan kuɗin ƙungiya wahalar banza ce, ya kamata ya ji labarin wani dogon bene mai suna Champlain Towers South a garin Surfside, kusa da Miyami a jihar Fulorida. Bene ne mai hawa 12 da sassa 136, an gama shi a 1981 a bakin teku. Kowane iyali ya mallaki sashensa, amma ginshiƙai da rufi da wurin ajiye motoci na kowa ne, ƙungiyar masu sassan ce take kula da su.

A 2018 injiniyan da ƙungiyar ta ɗauka ya rubuta rahoto cewa abin da aka shimfiɗa domin hana ruwa ratsawa a dandalin kwamin iyo ya lalace, ruwa yana cin kankaren da yake ƙasa, ginshiƙan wurin ajiye motoci sun tsattsage, kuma ɓarnar za ta yi ta ƙaruwa da sauri idan ba a gyara ba. Kuɗin gyara ya kai wajen dala miliyan 9. Asusun ajiyarsu kuwa bai kama ƙafar wannan ba. Sai aka shiga jayayya, taro bayan taro, wannan ya ce kuɗin ya yi yawa, wancan ya ce a sake lissafi, har yawancin 'yan kwamiti suka ajiye aiki a 2019. Kafin a kai ga amincewa a 2021, kuɗin da aka yanka wa masu sassan ya kai dala miliyan 15, mai ƙaramin sashe zai biya wajen dala 80,000, mai babba fiye da 300,000. An fara aikin rufi ke nan, ba a taɓa kankaren ƙasa ba, sai a daren 24 ga Yuni, 2021, wajen ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci, babban ɓangaren benen ya rufta mutane suna barci. Rayuka 98 suka salwanta.

Gaskiya ce masu binciken gwamnatin tarayya sun gano cewa tun asali zanen ginin da aikinsa suna da rauni a wajen dandalin nan, saboda haka ba za a ɗora wa mazauna laifin duka ba. Duk da haka sun sami gargaɗi kusan shekara uku kafin abin ya faru, suka kashe lokacin wajen gardamar wa zai biya nawa. A 2022 majalisar jihar Fulorida ta yi doka cewa dole a binciki irin waɗannan benaye masu hawa uku zuwa sama idan sun kai shekara 30, kuma masu sassa ba su da ikon kaɗa ƙuri'a su ƙi tara kuɗin ajiya domin gyaran jikin gini, abin da a da dokar jihar ta yarda masu su yi.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya san wannan hali na ɗan'adam. A Kubawar Shari'a sura 22 an umurci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. A sura 23 an umurci Isra'ilawa su keɓe wurin zagayawa a bayan zango, kowa kuma ya riƙa binne abin da ya fitar. Watau dokar gini da dokar tsabta suna nan cikin shari'ar da Allah ya ba jama'arsa, kusa da dokokin sujada. Haka nan a Nehemiya sura 3, da aka tashi gyaran garun Urushalima, mutane da dama sun gyara sashen da yake daura da gidajensu ne, firistoci da maƙeran zinariya da masu yin turare da 'yan kasuwa, har da wani shugaba tare da 'ya'yansa mata. Marubucin bai manta ya rubuta cewa manyan mutanen Tekowa sun ƙi sa hannu a aikin ba. Kowace unguwa tana da nata manyan Tekowa, kuma sau da yawa su ne masu manyan gidaje.

Inda doka ta zama bulala

Sai dai kuma wanda ya ba maƙwabcinsa ikon cin sa tara ya ba shi makami, kuma ba kowane hannu ne ya iya riƙe makami ba. A 2001 a birnin Huston na jihar Teksas, wata gwauruwa mai shekara 82 ta rasa gidanta wanda darajarsa ta kai wajen dala 150,000 saboda bashin ƙungiya da bai kai dala 1,000 ba. An yi gwanjonsa a kan dala 5,000, aka fitar da ita da kayanta. Da labarin ya bazu jama'a suka tayar da ƙura, aka mayar mata da gidan, majalisar jihar kuma ta yi doka a shekarar nan wadda ta wajabta a sanar da mai gida a kuma saurare shi, ta kuma ba shi damar fanso gidansa bayan gwanjo.

A 2008 a Fulorida wani dattijo mai shekara 66 ya kwana a kurkuku saboda ciyawar ƙofar gidansa ta bushe. Kuɗin bashin gidansa ya hau, 'yarsa da jikoki sun dawo wurinsa, ya ga ciyar da su ya fi dasa sabuwar ciyawa. Ƙungiya ta kai shi kotu, alƙali ya ba da umurni, bai cika ba, aka tsare shi don raina kotu. Abin da ya fito da shi shi ne maƙwabta da wasu da ba su ma san shi ba, waɗanda suka taru da shebur da baro suka shimfiɗa masa sabuwar ciyawa. Abin tambaya shi ne, me ya hana a yi wannan gayya tun kafin a kai maganar gaban alƙali? Da kuɗin lauyan da aka kashe aka sayi ciyawa, da an gama tun tuni.

Akwai kuma tabon da ya fi wannan muni a tarihin dokokin unguwa. Shekaru da yawa an yi amfani da su wajen hana baƙar fata da Yahudawa da mutanen Asiya sayen gida ko haya. Levittown ɗin nan da muka ambata, a takardunta na farko an rubuta cewa farar fata kaɗai za su zauna. A 1948 kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci cewa kotuna ba za su tilasta bin irin wannan sharaɗi ba, amma wariyar ba ta zama haram gaba ɗaya ba sai a 1968, lokacin da shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar adalci wajen gidaje, mako guda bayan kisan Fasto Martin Luther King. Dokar ta hana nuna bambanci saboda launin fata ko addini ko asalin ƙasa. Ita ce inuwar da 'ya'yanmu suke zaune a ƙarƙashinta a yau.

Maganar addini ma ta sha zuwa gaban kotu. A wani bene a Shikago, ƙungiya ta yi dokar hana ajiye kaya a barandar da kowa ke bi, daga 2004 kuma ta fara cire duk abin da aka liƙa a ƙofofi, har da gicciye da kayan adon Kirsimati da ɗan akwatin ayoyin Attaura da Yahudawa suke kafawa a madogarar ƙofa. Wani iyalin Yahudawa ya kai ƙara, a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce suna da damar a saurari ƙararsu a ƙarƙashin dokar 1968, jihar Ilinoi kuma ta riga ta gyara dokarta domin kare alamun addini a ƙofa. Haka majalisu suka yi ta rage wa ƙungiyoyin nan fiffike kaɗan-kaɗan: tun 1996 ba su da ikon hana ƙaramin kwandon talbijin, tun 2006 ba su da ikon hana kafa tutar ƙasa, a Kalifoniya kuma lokacin farin 2014 an hana su cin tarar wanda ya rage ba ciyawarsa ruwa.

Saboda haka shawararmu ga iyayen da 'ya'yansu suke shirin sayen gida a can ita ce su tambaye su ko sun karanta dokokin unguwar kafin sa hannu, ko sun ga lissafin asusun ajiya, da ko akwai wani babban gyara da yake tafe. Wanda yake da niyyar karɓar taron addu'a a gidansa ya duba dokar ajiye motoci tun da wuri, domin ta nan rigima takan ɓullo. Wanda kuma ya sami takardar gargaɗi ya amsa a rubuce, kada ya jefa ta cikin aljihun tebur yana cewa za a yi magana, gama a can ƙaramar tara takan haifi kuɗin lauya da ya ninka ta sau da yawa.

A gida kuma fa?

Mu ma ba mu rasa namu tsari ba. Dattawa suna tuna zamanin dubagari, wanda yakan shiga gida ya leƙa randa da masai, matan gida suna rawar jiki. Muna da aikin gayya, muna da mai unguwa. A zamanin mulkin Janar Buhari da Idiagbon, ƙarƙashin yaƙi da rashin ɗa'a da aka ƙaddamar a 1984, aka shigo da sharar gari ta tilas, wadda ta zauna a ranar Asabar ta ƙarshen wata. Legas ta soke tata a 2016. Amma duk waɗannan, ban da gayya, daga sama ake ɗora su, idan bulala ta kau sai kowa ya koma gidan jiya.

Ƙungiyoyin mazauna da muke gani yanzu a Gwarimpa da Lokogoma da sababbin rukunonin gidaje na Kaduna da Jos sun fi kama da na Amurka, da bambanci ɗaya babba: galibinsu ba su da ikon taɓa takardar gidan kowa. Ƙarfinsu yana ga yardar mazauna da kuma kunya. Suna karɓar kuɗin masu gadi da na kwashe shara da na cike ramukan hanya, kuma kowa ya san cewa gidaje kaɗan ne suke ɗauke da nauyin saura. Ɓarnar rashin doka kuwa ba sai an ba mu labari ba. Wani ya gina shago a kan kwata, wani ya juya ruwan wankansa kan titi, wani ya zuba shara cikin lambatu da dare yana jiran ruwan sama ya kwashe masa, ruwan kuwa ɗakin maƙwabcinsa na gangare zai kai ta. Mutanen Jos ba su manta ambaliyar Yuli 2012 ba, wadda ta ci rayuka da dama a Rikkos da Gangare da unguwannin da suke bakin rafi.

A nan akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye, mu masu bi. Majami'u da yawa suna tsakiyar gidajen mutane ne, kuma ba kullum muke zama maƙwabta masu daɗin zama ba. Ranar Lahadi motocinmu sukan tare ƙofar gidajen mutane. Bayan babban taro ko biki, ledojin ruwa sukan kwana uku a bakin titi. Lasifikar kwanan addu'a takan hana jariri da mara lafiya da ɗan makaranta barci har asuba, alhali waɗanda ake yi wa wa'azin suna cikin ɗakin sujada, ba sa bukatar ta. Idan ƙungiyar unguwa ta aiko da takarda a kan waɗannan, ba tsanani ba ne saboda sunan Almasihu, kuma bai kamata dattawan ikkilisiya su karɓe ta haka ba. Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta Babila su nemi lafiyar garin da suke zaune, garin arna ma ke nan. Kamata ya yi a ce sunan majami'a ne na farko a littafin waɗanda suka biya kuɗin unguwa, kuma matasa da 'yan Zumuntar Mata su ne na farko a bakin kwata ranar shara.

Wanda aka zaɓa cikin kwamiti kuma ya tuna da tarihin Levittown. Tun bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, unguwanninmu da yawa sun rabu bisa addini, kuma akwai inda ake hana mutum haya ko sayen fili saboda sunansa. An yi wa Kirista haka, Kirista ma sun yi wa wasu. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda addini ko ƙabila, sashe na 43 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin Nijeriya. Ƙungiya tana da hurumin tambayar sabon ɗan haya ko zai biya kuɗin gadi, ba ta da hurumin tambayarsa inda yake sujada.

Sauran abin da za a koya daga ƙungiyoyin Amurka aikin takarda ne kawai, kuma ba ya bukatar lauya. A rubuta dokoki kaɗan waɗanda suka shafi lafiya da tsaro, a karanta su a taro da Hausa da Turanci, a bar maganar launin fenti ga mai gida. A buɗe asusu a banki da sa hannun mutum biyu ko uku, a riƙa liƙa lissafi a bakin ƙofar unguwa kowane wata uku, a ware wani kaso domin ranar da taransifoma za ta ƙone ko kwalbati ya karye. Gwauraye da tsofaffi masu jiran fansho kuwa, a rubuta tun farko cewa za a rage masu ko a yafe, ikkilisiya ma tana iya biya wa nata daga asusun taimako ba tare da an kira suna a taro ba. A yawancin garuruwanmu ruwan farko yakan sauka tsakanin Afrilu da Mayu, don haka ƙungiyar da take so ta yashe kwatocinta sai ta tara kuɗin leburori da hayar tifa tun cikin Maris.